Tafiyata Jos Domin Sauko da Surata Daga Bango

Shekaruna saba'in da takwas a bana, bisa lissafin da mahaifiyata ta bar mini. Tafiyar da zan ba da labarinta kuwa ta haura shekara ashirin, domin an yi ta ne a shekarar da aka mai da motoci bin hannun dama. Tun daga ran da na komo har yau, da wuya mako ya shige ba wani ya zauna a dakalin ƙofar gidana ya ce, "Alhaji, wai yaya aka ƙare a Jos?" Na faɗa da baki har muryata ta gaji, masu ji kuma kowa ya tafi ya ƙara nasa. Saboda haka na ga ya kyautu a rubuta shi sau ɗaya, yadda ya auku.

Ni masunci ne, ɗan masunci, haifaffen Haɗeja. Kafin in je Makka in komo in kama fataucin banda, babu fadamar da ban shiga ba daga nan har Guri. Ga wanda bai san sana'armu ba, mu nan ba kullum muke shiga kwalekwale ba. Mutum yakan sami ƙaton gora ya kifa cikinsa a kai, ya riƙe homa, wato tarun hannu, yana tuƙi da ƙafafu, abin da ya kama ya jefa cikin goran. Ba a kuwa yin wannan aiki da riga. Bante ne kurum.

Wajen samun mulkin kai aka kawo mana wani malamin makarantar boko, Malam Bitrus, mutumin ƙasar Jos, Kirista, mai ladabi ƙwarai. Yakan zo bakin ruwa ranar su, wato ranar da muke kamun kifi, da takarda da gawayi. Wata rana ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yarda in zana ka?" Na ce, "Zana mana." Ni a sanina, zanen malamin makaranta alli ne a baƙin allo, a yi shi da hantsi a goge kafin azahar. Allonmu na karatu ma wanke shi ake yi. Ban taɓa jin zanen da yake kwana ba, balle ya shekara. Daga baya aka mai da Malam Bitrus garinsu, na manta da batun.

Aka ɗauki shekaru. Rannan muna zaune a majalisa bayan la'asar, sai ga Ɗanlami direba, wanda yake kai mana banda kudu. Ya gaishe mu, sa'an nan ya ce, "Alhaji, na gan ka a Jos."

Na ce, "Ban taɓa taka Jos ba."

Ya ce, "To kana can. Malam Bitrus ya buɗe gidan zane, ya rataye ka a bango, daga kai sai bante. Mata da yara suna ta shiga suna kallo."

Majalisa ta tuntsure. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Malam Sule, ɗan gwaggona, taubashina, malami ne mai karantar da littattafai a zaure, amma bakinsa bai taɓa rabuwa da tsokana ba. Ya ce, "Ashe bawan nan nawa ya yi suna! Mu muna nan muna ce masa Alhaji, can kuwa cibiyarsa ake gaisarwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na ce, "Wallahi tallahi sai na je na sauko da shi, na kawo shi Haɗeja na ƙone shi a gabanku." Nan take dariya ta tsaya, domin kowa ya san ban taɓa yin rantsuwa na saɓa ba.

Da na shiga gida na gaya wa uwargidana, Hajiya Kande, na zaci za ta yi salati. Sai ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce, "To, yaushe za mu tashi?"

Na ce, "Mu da wa?"

Ta ce, "Alhaji, in jikin mijina ne aka rataye a garin wasu, ai na fi matan Jos hakkin gani."

Malam Sule kuma ya ce rantsuwa tana bukatar shaida, saboda haka da shi za a tafi. Na sa aka cika kwando da bandar tarwaɗa mai kyau, domin ko da yake faɗa zan je yi, ba a shiga gidan mutum hannu rabbana.

Muka shiga babbar mota zuwa Malam Maduri, muka jira jirgin ƙasa mai tasowa daga Nguru. Ya zo a lokacin da ya ga dama. Da muka sami wurin zama, wani Bakatsine mai tallar turare da ke gefena ya ja hanci ya ce, "A'a, bayina Haɗejawa sun shigo. Tun kuna tasha hancina ya sanar da ni." Na ce masa, "Yi haƙuri, yunwa ce take sa hanci kaifi. Mun san a garinku sai an yi baƙo ake ganin kifi." Ya ciro kwalba ya yayyafa wa kwandona turare, wai don ya ceci fasinjoji. Kafin mu kai Kano ya cinye manyan tarwaɗa biyu, ya kuma ba Hajiya turaren wuta kyauta. Muka rabu muna yi wa juna addu'a.

A Kano muka sauka a Fagge, gidan fatoma, wato mai saukar da fatake, wanda nake kai wa kaya. Washegari muka shiga motar Jos. To, kamar yadda na ce, shekarar nan aka sauya hannun tuƙi, direbanmu kuwa tsoho ne wanda ya tsufa yana bin hagu. Muddin hanya ta miƙe lafiya lau ne, amma da an sha kwana sai hannunsa ya koma inda ya saba. Sai fasinjoji suka ɗauki aikin tunatarwa: da mun doshi kwana, mota duka ta ɗauka, "Dama, direba, dama!" Ni na ga bai dace da girmana in yi ihu ba, na riƙe carbi. Can sai na ji wata murya a bayana ta fi ta kowa ƙarfi. Na waiga, ashe Hajiya ce, matar da maƙwabta ba su taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba.

A kan iyakar jiha muka tarar da shingen soja, domin ba a daɗe da gama yaƙi ba. Wani soja ya leƙo ya ce, "Baba, ina za ku?" Kafin in buɗe baki Malam Sule ya ce, "Wani mutuminmu ne ya gudu Jos tsirara, za mu je mu kamo shi." Sojan ya ɗauki maganar da gaske, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya tambaya ko yana dukan mutane, ko muna da igiya. Sai da na sauko na yi masa bayani tun daga farko. Ya yi dariya har ya jingina bindiga, ya kira 'yan'uwansa na sake maimaitawa. Na ba su kifi da hannuna. Ɗayansu ya shinshina ya ce bai taɓa jin kifi mai ƙamshin amarya ba.

Game da Jos, abu biyu zan faɗa: duwatsu da sanyi. Duwatsun a ɗore suke kan juna kamar wani ne ya jera su ya tafi cin abinci. Sanyin kuwa, ni da na shekara arba'in cikin ruwa, sai ga ni da asuba ina tsaye ina duban buta ina shawara da ita. Mai masaukinmu, wani Bakano dillalin kifi, ya kawo mana gwaten acca. Na duba na ce masa babu marar lafiya a cikinmu. Ya ce ai wannan shi ne abincin ƙarfafa a nan. Malam Sule ya shanye nasa da nawa.

Da hantsin Asabar mai masauki ya raka mu gidan zanen. Na sa babbar rigata ta saƙi, na naɗa rawani, domin in Malam Bitrus ya gan ni ya san da wanda yake magana. Tsohon sito ne na masu haƙar kuza, an shafe shi da farar ƙasa, an huda masa manyan tagogi. Na shirya fuskata tun daga nesa. Amma muna isa ƙofa sai wata mace ta saki moɗar da ke hannunta ta rugo tana cewa, "Mama! Mama ce!" Saratu ce, matar Malam Bitrus, wadda a zamansu na Haɗeja takan shigo gidana Hajiya tana koya mata miyar kifi. Suka rungume juna, suna tambayar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Saratu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo kunu mai ɗumi. Yana da wuya mutum ya riƙe fushi da hannu ɗaya, kofin kunu da ɗaya.

Na tuɓe takalmana a bakin ƙofa kamar yadda ake yi in za a shiga zauren mutum. Yaran da ke wurin suka gani, su ma duk suka zubar da nasu.

A wajenmu adon bango na amarya ne: a jera kwalla da tasoshi, mata su shiga su gani, maza ba su da rabo. Magina kuma su yi wa zaure ado, mai wucewa ya duba yana tafiyarsa. Amma a ce mutum ya yi wanka, ya sa tufafin kirki, ya ɗauko iyalinsa, domin kurum ya tsaya gaban bango hannu a baya kamar mai jiran hukuncin alƙali, wannan sai a Jos na gani. Babu mai gadi, babu mai tsawa. Ga randa a gefe don mai ƙishirwa. An shimfiɗa tabarmi a tsakar ɗaki, yara sun kwanta rub da ciki da takarda da gawayi, kowa yana zana abin da ya ga dama. Mata masu goyo suna zaune a kan benci suna shayarwa. Na ga ma'aikacin jirgin ƙasa da 'ya'yansa, na ga mata masu adiko irin na coci, na ga Bafillace da sandarsa tsaye gaban zanen shanu yana girgiza kai, wai ƙahon ɗaya bai yi ba. A bango akwai masu haƙar kuza, akwai mata ɗauke da itace, akwai kasuwa har da mai awo. Wasu an rataye su ƙasa-ƙasa daidai idon yaro.

A ƙarshen ɗaki na same ni.

Girmansa ya kai ƙyauren zaure. Ga ni a gaba, cikina a kan gora, hannuwana sama da homa, ƙaton giwan ruwa yana mutsu-mutsu a ciki. Kafaɗa a waje, ƙirji a waje, gefen bante a bayyane. Malam Sule ya tsaya ya duba sama ya duba ƙasa, sa'an nan ya cire hularsa ya ce wa bangon, "Ranka ya daɗe, mun same ka lafiya?"

Sai ga Malam Bitrus ya fito hannunsa duk fenti, furfura ta fara masa. Ya zube yana murna, yana cewa yau gidansa ya yi babban baƙo. Na bari ya gama gaisuwa, na miƙa masa kwando, kana na faɗa masa abin da ya kawo ni, har da rantsuwar.

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, ai na nemi izininka."

Na ce, "Ka nema, na ce zana. Amma ba ka gaya mini ba ya goguwa ba."

Sa'an nan ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Ni ne ban yi bayani ba. Jikinka ne, mutuncinka ne." Ya kira ma'aikacin jirgin nan suka kama, suka sauko da shi, suka juya fuskarsa ga bango. Ya ce wa Saratu ta nemo buhu da igiya a ɗaure mini.

Na zaci zan ji daɗi. Abin da na ji shi ne ɗakin ya yi tsit. Sai a lokacin na lura akwai gora a kan tabarma ƙarƙashin inda zanen yake. Ashe yara sukan hau shi bi da bi, suna tuƙi da ƙafa, suna kama kifin ƙarya. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin kuza ba. Wata 'yar yarinya, 'yar ma'aikacin jirgin, ta ja wandon Malam Bitrus ta ce, "Malam, ina za a kai Mai Gora?"

Ya ce, "Gida zai tafi. Ga shi nan ya zo da kansa."

Ta zo gabana ta ɗaga kai, ta dubi rawanina, ta dubi fuskata da kyau. Ta ce, "Ba shi ba ne. Shi yana dariya."

Sai Hajiya ta yi magana. Ta ce, "Bitrus ɗana, juyo mini shi tukuna. Ban gama gani ba." Aka juyo shi aka jingina. Ta zauna a tabarma cikin yara, ta gyara mayafi, ta zuba masa ido. Ta daɗe ƙwarai. Ku sani tun da aka kawo ta gidana tana cikin kulle, kamar sauran matan gidanmu a wancan zamani.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Alhaji, shekara talatin da ɗoriya ina fere kifin da ka kawo, ban taɓa ganin inda kake kamo shi ba. Kullum sai dai ka shigo a gajiye ka ce a kawo tuwo. Ashe haka kake a ruwa? Ashe kana da haƙora haka?"

Matan da ke kan benci suka ƙyalƙyale. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ban ga tsirara a nan ba. Mutum na gani a bakin aikinsa. Da banten nan ka ciyar da mu, da shi ka kai ni Makka. In ka ƙone shi, ni a ina zan ce na taɓa ganinka?"

Sai na sake dubawa. Da farko banten kaɗai idona ya nema. Yanzu na ga ruwan fadama ya malala har ƙarshen allon, na ga masunta a bayana kowa a kan goransa, na gane yayana Audu, Allah ya jiƙansa, da yadda yake karkata kai in zai jefa homa. Malam Sule ya matso ya ce a hankali, "Ka duba da kyau, ruwa ya rufe abin da shari'a ta ce a rufe. Ɗanlami ne ya kwashe ruwan a hanya."

Na ce, "Rantsuwar fa?"

Karo na farko tun da muka bar gida ya yi magana irin ta malami. Ya ce, "Wanda ya rantse, sa'an nan ya ga barin abin ya fi alheri, sai ya bari ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Wannan mai sauƙi ne a gare ka. Amma dariyar majalisa ba ta da kaffara. Ita sai ka sha ta, ni ne ma zan fara."

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa saɓa rantsuwa ba, sunana ke nan a Haɗeja, na kuma san daga ranar ba za a ƙara faɗin haka ba. Saratu tana tsaye da igiya a hannu. Hajiya ba ta ɗauke ido daga allon ba.

Na ce, "Malam Bitrus, kama can." Muka ɗaga shi ni da shi, muka mai da shi kan ƙusarsa.

Yara suka yi sowa, suka ruga kan gora. Na ga yadda suke hawa, duk ba daidai ba, suna zama a kai kamar jaki. Na naɗe hannun riga na durƙusa na ce, "Ba haka ba. Ciki ake kifawa, ƙafa a baya." Na kifa don in nuna musu. Goran ya mirgine a kan tabarma, domin tabarma ba ruwa ba ce, na tafi gefe guda rawanina ya tafi gefe guda. Dariya ta kama ni har na kasa tashi. Yarinyar nan ta yi tsalle tana nuna ni tana cewa, "Shi ne! Baba, wallahi shi ne!"

Ranar Saratu ba ta bar mu mun koma masauki ba. Ta dafa gwate da bandar da na kawo, na ci na ƙara, na kuma janye abin da na faɗa game da abincin marasa lafiya. Malam Bitrus ya roƙe ni in faɗa masa sunayen masuntan da ke bayana, domin wasu ya manta. Na faɗa masa su duka, da sunayen iyayensu.

Da muka komo Haɗeja, majalisa ta cika tun kafin in zauna. Suka ce, "Ina shi? A kawo ashana?" Na ce, "Yana can inda na same shi, da hannuna na mai da shi. Na saɓa rantsuwata, zan yi kaffara." Suka yi dariya yadda Malam Sule ya alkawarta, shi ya ja gaba. Na sha ta ina zaune, ban sunkuyar da kai ba.

Na yi niyyar aikawa kasuwa a sayo kifin kaffara. Hajiya ta ce a'a, kifin hannuna za a ci, kuma tana so ta gani da idonta ba a bango ba. Sai ga ni, Alhaji guda, na ɗauko gorana daga rumbu inda ya shekara da shekaru, na ɗaura bante, na shiga ruwa da hantsi, ita da matan gidan suna tsaye a gaɓa ƙarƙashin giginya. Gwiwoyina suka yi ƙara, numfashina ya yi gajere, amma gora bai mirgine ba. Aka dafa shinkafarmu ta fadama, aka kira miskinai goma suka ci a zaurena har suka ƙoshi.

Waɗanda suka shaida wannan al'amari su ne Malam Sule, Allah ya gafarta masa, wanda ya rasu bai daina gaishe ni da "Mai Gora" ba. Da Malam Bitrus da matarsa Saratu, suna nan da ransu a Jos. Da Ɗanlami direba, wanda ya zauna cikin miskinan ya ci ba a kira shi ba. Da Hajiya Kande, wadda take zaune yanzu ana karanta mata wannan. Ta ce lalle in sa a rubuta cewa kifin da na kama ran nan bai isa mutum goma ba, sai da aka ƙaro daga kasuwa. To, an rubuta.